Tauraron ɗan Adam ba ya auna iskar bakin titinmu

A unguwannin Nima da Sabon Zango na birnin Akara an daɗe ana cewa tunda tauraron ɗan Adam yana ganin komai daga sama, kafa na'urar auna iska a bakin titi ɓarnar kuɗi ce. Ba haka ba ne.

Tauraron Turai Sentinel-5P, wanda aka harba a 2017, sau ɗaya yake ratsa saman Akara a yini, bayan azahar. Yana haɗa hayaƙi da iskar gas tun daga ƙasa har sama ya auna gaba ɗaya, a faɗin kilomitoci. Idan hadari ya haɗo, ba ya ganin abin da ke ƙasan gajimare. To, ina zai san hayaƙin trotro, motocin haya, da mai koko ke shaƙa da asuba a tasha, ko na wayoyin lantarki da aka yi shekaru ana ƙonawa a bolar tsofaffin kayan lantarki ta Agbogbloshie?

Amfaninsa yana nan: shi ke nuna ƙurar hunturu ta taso daga kwarin Bodele a hamadar Chadi. Amma kafin hukumar kare muhalli ta Gana ta ce wata masana'anta ta wuce ƙa'ida, sai ta dogara da awon iska da ake yi a ƙasa, musamman na PM2.5, ƙurar da ke kutsawa cikin huhu. Ƙananan na'urori masu araha ma sai an daidaita su da manya, domin danshin iska yana ruɗa su.