Waiwaye: Yadda Manhajojin Wasan Allo Ke Zaɓen Taku a Wasannin Gwaji

A wata unguwa da ke kudancin Jidda, inda Hausawa suka daɗe da zama, akwai dattawan da ke haɗuwa bayan sallar la'asar su shimfiɗa allon dara, wannan da ƙwallayen dabino 12, wancan da tsakuwa 12. Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta a wata jami'a a nan, ya ɗaura aniyar rubuta manhajar da za ta iya karawa da su, sai ya ci karo da tambayar da masana suka shafe fiye da shekara 20 suna fama da ita. Idan kwamfuta za ta buga dubban wasanni a cikin cikinta domin ta gane takun da ya fi alheri, to ta yaya za ta riƙa zaɓen taku a cikin waɗannan wasanni na gwaji su kansu?

Asalin dabarar ba daga wasa ta fito ba, ko da yake wasa ne ya haska ta. A shekarar 1946 masanin lissafi Stanislaw Ulam, yana jinya, ya so ya san yawan lokutan da mutum zai iya cin wani wasan karta da ake yi shi kaɗai, da lissafin ya faskara sai ya ga ya fi sauƙi a buga wasan sau da yawa a ƙirga sakamako. Shi da John von Neumann suka yi amfani da wannan tunani a aikinsu na nukiliya a Los Alamos ta Amurka, aka laƙaba masa sunan Monte Carlo, wato unguwar da shahararren gidan cacar Monako yake.

Masu manhajojin wasan ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranj, ba su bi ta wannan hanya ba. Tun daga rubutun Claude Shannon na 1950, tsarinsu shi ne a hango taku kaɗan a gaba, sannan a auna allo da ma'aunin da ɗan Adam ya tsara, kamar ƙimar kowane ɗan wasa da matsayinsa, kuma da wannan tsari kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran ces na duniya Garry Kasparov a 1997. Amma wasan Go na ƙasashen Sin da Japan da Koriya, wanda ake yi da fararen duwatsu da baƙaƙe, ya ƙi wannan ma'auni. Allonsa yana da gurbi 361, ɗan wasa yakan sami zaɓi kusan 250 a kowane taku yayin da na ces yakan sami kusan 35, kuma duwatsun duk ƙimarsu ɗaya, saboda haka babu wata hanya mai sauƙi da za a dubi allo a ce wane ne ke kan gaba.

Bruce Abramson ne, a binciken digirinsa na uku a 1987, ya kawo shawarar a auna allo ta hanyar ƙarasa wasan da ƙuri'a sau da yawa, a ɗauki matsakaicin abin da ya fito. A 1993 wani masanin fiziks ɗan Jamus, Bernd Brügmann, ya gwada haka a kan ƙaramin allon Go mai layi 9 da manhajarsa Gobble. A nan ne aka fara gane cewa ƙuri'a tsagwaronta ba ta isa ba. A wasan Go, rukunin duwatsun da ke da gurbi biyu a cikinsa, waɗanda ake kira idanu, ba ya ciwuwa har abada, amma ɗan wasan da ke jefa dutse kan mai uwa da wabi zai cike idanunsa da hannunsa, ya kashe abin da ya riga ya rayu. Dole aka kafa masa doka guda, cewa kada ya cike idonsa. Daga wannan doka ɗaya tilo duk muhawarar ta samo tushe, domin da zarar an yarda a saka ilimi kaɗan a cikin ƙuri'a, sai a tambaya ko nawa ya kamata a saka.

Bruno Bouzy da Bernard Helmstetter sun farfaɗo da aikin a Faris wajen 2003, amma shekarar 2006 ce ta juya al'amarin. Rémi Coulom ya haɗa wasannin gwaji da bishiyar bincike, wato jerin taku da amsoshinsu masu yin rassa, mai tsiro a hankali ta ɓangaren da ya fi alamar nasara, manhajarsa Crazy Stone ta ci zinare a ƙaramin allo a gasar kwamfutoci ta Turin, yayin da Levente Kocsis da Csaba Szepesvári a Hangari suka fito da ƙa'idar UCT, wadda ke daidaita tsakanin komawa ga takun da aka san amfaninsa da leƙa wanda ba a gwada sosai ba. A shekarar ne kuma Sylvain Gelly da Yizao Wang da abokan aikinsu a Faransa suka gina MoGo, wadda ta sauya yadda ake buga wasan gwajin kansa. Maimakon jefa dutse ko'ina, sai ta fara dubawa ko takun ƙarshe na abokin karawa ya jefa wasu duwatsunta cikin haɗarin ci, ta cece su. Idan babu, sai ta duba gurabe 8 da ke kewaye da wannan taku, ta nemi wanda ya dace da wasu ƙananan siffofi masu faɗin gurbi 3 da tsawon gurbi 3 da aka tanadar mata. Idan nan ma babu, sai ta ci abin da ke ciwuwa, sai a ƙarshe ta koma ga ƙuri'a. Hikimar ita ce wasan gwaji ya riƙa amsa taku a inda aka yi shi, kamar yadda 'yan wasa na gaske ke yi. A watan Agustan 2008 MoGo ta doke ƙwararren ɗan Koriya Kim Myungwan a babban allo, bayan an ba ta rangwamen duwatsu 9.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk tarihin nan shi ne binciken da Gelly da David Silver suka wallafa a 2007. Sun horar da ɗan wasan gwajin da ya fi na MoGo ƙarfi idan aka haɗa su gaba da gaba, amma da aka sa shi a cikin manhajar ya riƙa buga mata wasannin gwaji, sai ƙarfinta ya ragu. Dalilin, a fahimtata, shi ne aikin ɗan wasan gwaji ba cin wasa ba ne, shaida yake bayarwa a kan allo. Mai rauni wanda kurakuransa suka rabu daidai tsakanin fari da baƙi, idan aka tara shaidarsa sau dubu goma, kurakuran suna share juna. Mai ƙarfi kuwa wanda ya iya kai hari amma bai iya kāriya ba, zai maimaita son kai iri ɗaya sau dubu goma, yawan maimaitawar ma sai ya ƙara wa manhajar yaƙini a kan kuskure. Ga kuma batun lokaci, domin duk dokar da aka ƙara tana rage yawan wasannin da za a iya bugawa a daƙiƙa guda.

Na ga wannan da idona a ɗakin ɗan ƙanwata. A dara, wanda ya jera 'ya'ya uku a layi yana cire ɗaya daga na abokin karawarsa, saboda haka yaron ya umarci ɗan wasan gwajinsa da ya jera uku duk sa'ad da ya sami dama, amma bai koya masa tare hanya ba. Da ya haɗa sabuwar manhajar da tsohuwar cikin dare, sai ya wayi gari ya tarar tsohuwar ce ke kan gaba. Ya ce da ni, "Kawu, na ƙara mata wayo amma ta koma baya." Da muka bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, muka ga tana barin gidanta a buɗe, domin a duniyar gwajinta duk wanda ya riga kai hari shi ke ci. Ya kuma gano cewa wasan dara na ƙuri'a yana iya ƙin ƙarewa, 'ya'ya su yi ta kai da komo tsakanin gida biyu, har sai da ya kafa iyakar taku, idan an kai ta a ƙirga 'ya'yan da suka rage wa kowa.

Masana sun bi hanyoyi daban-daban wajen magance wannan matsala. Coulom a 2007 ya ba kowace siffar taku maki irin na Elo da ake auna 'yan wasan ces da shi, ya koyo makin daga wasannin da mutane suka buga, ta yadda taku mai maki da yawa zai fi fitowa a ƙuri'a ba tare da an rufe wa sauran ƙofa ba. Silver da Gerald Tesauro a 2009 suka ce a daina horar da ɗan wasan gwaji don ya yi ƙarfi, a horar da shi don matsakaicin sakamakonsa ya dace da ainihin ƙimar allo, kuma Aja Huang ɗan Taiwan ya yi aiki da wannan tunani, manhajarsa Erica ta ci zinare a babban allo a gasar 2010 a Kanazawa ta Japan. Wasu kuma, kamar Peter Drake da Hendrik Baier, sun sa manhajar ta riƙa tuna amsar da ta yi nasara a gwajin baya, ta sake gwada ta, ta mance da ita idan ta faɗi.

AlphaGo ta kamfanin DeepMind, wadda ta doke ƙwararren ɗan wasan Go na Koriya Lee Sedol da ci 4 da 1 a Seoul a watan Maris na 2016, ba ta yar da wasannin gwaji ba. Tana da ɗan wasa mai sauri da ke zaɓen taku cikin kashi 2 bisa miliyan na daƙiƙa, wanda ke dacewa da zaɓin ƙwararru kashi 24 cikin 100 kawai, sannan tana da babbar ragar lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke dacewa kashi 57 amma ta fi shi jinkiri fiye da sau dubu, kuma hukuncin allo rabi daga gwaji yake fitowa, rabi daga wata ragar mai auna matsayi. Aja Huang ne ya zauna gaban Lee Sedol yana ajiye mata duwatsu. Sai a 2017 AlphaGo Zero ta watsar da wasannin ƙuri'a baki ɗaya, ta dogara da ragar da ta koyi wasa daga karawa da kanta.

Akwai masu ganin wannan ya rufe babin, ni kuwa ban ga haka ba. Dara ba ta da rumbun wasannin ƙwararru da za a koya daga gare shi, ɗalibi kuma ba shi da injinan da babban kamfani ke da su, saboda haka tambayar 2006 ita ce tambayarsa a yau. Abin da yaron ya yi shi ne ya ɗauki littafin rubutu ya zauna gefen allon dattawan nan har mako uku, yana tambayar babbansu, "Baba Alhaji, me ya sa ka tare nan ka bar ci?" Daga amsoshin ya fitar da dokoki biyu, ɗaya ta ci ɗaya ta tarewa, ya ba su nauyi kusan ɗaya, ya bar wa ƙuri'a sauran. Manhajar yanzu tana cin tsohuwarta, tana cin ni ma, amma har zuwa Juma'ar da ta wuce ba ta ci Baba Alhaji ko sau ɗaya ba.