Mage ta kawo ɓera har ɗaki? Dan Allah kar a doke ta

Jama'a masu kiwon mage ku ɗan saurare ni. Ƙorafin da na fi ji a wajen aiki shi ne, mutum ya tashi da asuba ya taka abu mai laushi a bakin gado, ya haska fitila, ashe ɓera ne rabi an cinye, ita kuma uwar gayyar tana gefe tana lasar ƙafa. Sai a rarumo tsintsiya. Toh dukan nan ba ya gyara komai, farauta a jininta take, ko ta ƙoshi sai ta yi, tsoronka kawai za ta koya ta koma ɓoye mushen a ƙarƙashin kujera sai wari ya tona.

Ni abin da ya fi damuna cutar da ke biyo baya ce. Magen da ke cin ɓera da tsuntsu tana kwasar tsutsar ciki da ƙuma, sannan akwai wata ƙwayar cuta Toxoplasma da ke fita ta kashinta, wadda in mai juna biyu ta kamu tana iya taɓa abin da ke cikinta, har ɓari ko matsalar ido da ƙwaƙwalwa. Saboda haka mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin, kuma a riƙa kwashewa kullum, don ƙwayar sai ta kwana 1 zuwa 5 kafin ta iya kama mutum.

Mushen kuma kar a ɗauka da hannu haka kawai. A sa safar hannu ko a zura hannu cikin leda, a ƙulle a jefar inda yara da magen ba za su kai ba, a wanke wurin da sabulu a wanke hannu sosai. In ana sa maganin ɓera a kusa a kula, ɓeran da ya ci guba shi mage ta fi saurin kamawa, in kun ga magen ta yi laushi ko dasashinta ya yi fari ko tana zubar jini, a garzaya wajen likitan dabbobi. Shi ne kuma zai faɗa muku tazarar ba ta maganin tsutsa, mai farauta tana buƙatarsa akai-akai.

Ana iya rage abin kuwa. A 2021 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun gano wasa da mage na minti 5 zuwa 10 kullum ya rage abin da take kawowa da kashi 25 cikin 100, abinci mai yawan nama kuma da kashi 36. Wasan ba wani abu ba ne, gashin tsuntsu a ɗaure jikin zare ka riƙa ja tana dako tana cafkewa. Sai kuma a tsare ta a ɗaki daga faɗuwar rana zuwa hantsi, don lokacin ne ta fi fita farauta, za ta yi ta kuka a bakin ƙofa kwanakin farko, a daure kar a buɗe.