Tafkin Baikal: ba jiya abin ya fara ba

Kwanan nan in dai an taɓo maganar tafkin Baikal da ke Siberiya a Rasha, sai ka ji ana ta cece-kuce kan koren gansakuka da ya mamaye bakin gaɓa tun wajen 2011, da kifin omul da aka hana kamawa don sayarwa a 2017, wasu su ce 'yan yawon buɗe ido ne suka jawo, wasu su ce ƙazantar garuruwa ce, kai ka ce rana ɗaya aka wayi gari aka ga abin.

Tarihin da aka saba ji gajere ne. Zurfinsa mita 1,642, kusan kashi 20 cikin ɗari na ruwan daɗin da ke saman ƙasa wanda bai daskare ba yana cikinsa, a 1904 har layin dogo aka shimfiɗa a kan ƙanƙararsa, UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 1996. To shi ke nan.

Amma ni inda nake ganin zancen yake shi ne 1945. A lokacin ne wani masani Mikhail Kozhov ya fara ɗiban ruwan tafkin yana aunawa duk bayan kwana 7 zuwa 10, da sanyi sai an fasa ƙanƙara tukuna a zura kwalba, ya rasu 'yarsa Olga ta ɗora, bayanta jikarsa Lyubov. Da aka haɗa lissafin shekara 60 ɗin aka fitar a 2008, sai ga shi ruwan saman ya ƙara ɗumi da digiri 1.2. Wani zai ce ai ba yawa, wallahi da yawa a tafkin da rayuwarsa ta rataya a kan ƙanƙara.

Don a Baikal iska ce ke share dusar da ta zuba, ƙanƙarar ta zama garau, rana ta ratsa, ƙananan tsirran ruwa su yi ta yaɗo a ƙarƙashinta tun kafin ta narke, su ne abincin wani ɗan mitsitsin ƙwaro epishura mai tace ruwan, shi kuma kifi ya cinye shi. Ita ma nerpa, wata dabbar ruwa mai shayarwa da babu ita ko'ina sai can, a ramin dusa kan ƙanƙara take haihuwa wajen Maris.

Yanzu ƙanƙarar tana makara wajen kamawa, tana kuma saurin tafiya. Bakin gaɓa dai a iya kwashe shara a gyara magudanai, wannan ɗin kuwa ba aikin shebur ba ne.