Wai tunda akwai Google an daina buƙatar laburare?

Wannan maganar ta daɗe tana yawo, wai duk abin da kake nema yana cikin waya, to me zai kai mutum laburare. Gaskiya ba haka bane. Je ka nemi tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko rubuce-rubucen ajami irin waɗanda ke ajiye a Arewa House a Kaduna, ka ga nawa zaka samu a intanet. Kaɗan ne ƙwarai, galibinsu na kan takarda har yau. Mujallun bincike na jami'o'i kuma da yawansu sai ka biya kuɗi da dala kafin su buɗe.

Sannan ita wayar ma ai sai da data da caji, ga JAMB tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, yaron da babu kwamfuta a gidansu ina zai je ya saba da ita kafin ranar jarabawa in ba wuri irin laburare ba? Abin na damuna wallahi.

A Helsinki ta ƙasar Finland, inda kusan kowa ke da intanet a gida, sun buɗe katafaren laburaren Oodi a 2018, har da kekunan ɗinki da situdiyon ɗaukar sauti a ciki, kuma jama'a na cika shi. Namu irin na Murtala Muhammad da ke Kano wuta suke buƙata, da intanet, da sabbin littattafai.