Rage Filafilin Ƙaramin Jirgin Ruwa Idan Iska Ta Yi Ƙarfi

Rage filafili shi ne a sauke ko a naɗe wani ɓangare na ƙyallen da iska ke turawa a jirgin ruwa, domin jirgi ya ci gaba da tafiya ba tare da ya kwanta ko ya ƙwace wa matuƙi ba. A gaɓar Bahar Maliya, daga Bur Sudan da Sawakin zuwa Jidda da Yanbu, ma'aikatan teku suna kiran filafili shira'i. Aikin kansa ba ya wuce mintuna kaɗan. Abin da ke da wuya shi ne sanin lokacinsa, kuma yawancin ɓarnar da ake samu daga jinkiri take fitowa.

Dalilin ragewa

Ƙarfin da iska ke danna filafili da shi ba ya hawa daidai da gudunta. Idan gudu ya ninka biyu, dannawar tana ninka huɗu. Ana auna gudun iska a teku da not, wanda yake daidai da kilomita 1.852 a awa. Iskar da ta tashi daga not 15 zuwa 21 ba ta da wani bambanci mai yawa a fuskar mutum, amma nauyin da ke kan jigo, wato doguwar sandar da ke tsaye riƙe da filafili, da igiyoyi ya kusa ninkawa.

Sabon matuƙi yakan ɗauka cewa rage ƙyalle rage gudu ne. Ba haka ba ne. Jirgin da ya karkata fiye da digiri 20 zuwa 25 yana jan gefensa a ruwa, yana zamewa gefe, goshinsa kuma yana ta neman juyawa ya fuskanci iska. Matuƙi sai ya yi ta jan sandar tuƙi don ya hana shi, allon tuƙin da ke cikin ruwa ya koma birki. Da an rage, jirgi ya miƙe, sau da yawa gudunsa bai ragu ba, wani lokaci ma ƙaruwa yake.

Alamomin lokaci

A ma'aunin Bofot, wanda ke kasa ƙarfin iska mataki-mataki, mataki na 4 shi ne not 11 zuwa 16, na 5 not 17 zuwa 21, na 6 not 22 zuwa 27. Yawancin ƙananan jirage masu tsawon mita 6 zuwa 9 suna bukatar ragin farko a ƙarshen mataki na 4 ko farkon na 5, ragi na biyu kuma da an shiga na 6. Jirgi mara nauyi, ko wanda mutanen cikinsa kaɗan ne, ya kamata ya riga haka.

Wanda ba shi da na'urar auna iska ruwa zai duba. Farar kumfa da ta fara yawaita a kan raƙuman ruwa tana nuna mataki na 4. Idan ta cika ko'ina, feshi ya fara shigowa jirgi, an shiga na 5. Jirgin ma yana faɗa da kansa: bakinsa na gefen da ya kwanta yana taɓa ruwa, sandar tuƙi ta yi nauyi har hannu ya gaji, ana ta sassauta igiyar babban filafili, wato na bayan jigo, duk lokacin da iska ta buso. Ƙa'idar da matuƙa ke bi ita ce, da tunanin ragewa ya zo maka, to lokaci ya yi. Sake buɗe ƙyalle idan iska ta faɗi abu ne mai sauƙi, amma ragewa a kan jirgin da ke tsalle aiki ne da ake faɗawa ruwa a cikinsa.

Akwai tarko ga mai tafiya iska na bayansa. Idan iska not 20 ce, jirgi na gudun not 5, matuƙi 15 kawai yake ji. Da ya juya ya nufi iska, abin da zai buge shi ya kusa 24 ko 25, da cikakken ƙyalle. Don haka a rage kafin a juya.

Yanayin Bahar Maliya

A arewacin tekun iska daga arewa ko arewa maso yamma take busowa kusan duk shekara. A kudanci kuwa tana juyawa ta fito daga kudu maso gabas lokacin sanyi. Kusa da gaɓa takan lafa da asuba, ta ƙaru bayan hantsi, ta kai ƙarshen ƙarfinta da rana tsaka zuwa la'asar, tana tayar da gajerun raƙuman ruwa masu tsayi waɗanda ke tsayar da ƙaramin jirgi cak. Wanda ya fito daga marsa, wato mashigar ruwa a gaɓa inda jirage ke fakewa, da safe ya ga ruwa kwance, kada ya ruɗu. Gara ya ɗaura ragin farko tun anga na ƙasa.

Duwatsun murjani, wato sha'ab, sun ƙara wa lamarin nauyi. Tsakanin su babu filin da za a saki jirgi ya yi ta zamewa ana kokawa da ƙyalle, kuma shiga marsa sai rana na sama ko bayan matuƙi ake ganin launin ruwa mai nuna dutse. A tsakiyar zafi, kamar Yuli da Agusta, iska mai ƙura tana fitowa ta gibin duwatsun Tokar, kudu da Sawakin, ta bazu cikin teku da ƙarfi. Idan an hango jan bango na ƙura, a sauke babban filafili gaba ɗaya.

Yadda ake yi

Babban filafili na zamani yana da layi biyu ko uku na ragi. Kowane layi yana da zobe a gefen jigo, da zobe a gefen baya, da guntayen igiyoyi a tsakani. Kowa ya sa rigar ceto tukuna, mai zuwa gindin jigo kuma ya ɗaura kansa da jirgi. Matuƙi ya matso da goshi kusa da iska, filafilin goshi na ci gaba da jan jirgi. A sassauta igiyar sarrafa babban filafili da wadda ke danne sandar ƙasa, wato sandar da ke kwance a gindin filafili, har ƙyalle ya fara kaɗawa, a ɗaure igiyar da ke rataye ƙarshen sandar don kada ta faɗo a kan mutane. Sai a saki igiyar ɗagawa har zoben gaba ya sauko, a maƙala shi a ƙugiya, a sake jan igiyar ɗagawa tamau. Bayan nan ne ake jan igiyar zoben baya har ya zauna daram a kan sanda. A saki igiyar ratayewa, a ja ta sarrafawa, a koma hanya. Yin alama da fenti a kan igiyar ɗagawa, daidai inda kowane ragi yake tsayawa, yana rage rabin wahalar.

Juya wannan tsari shi ke yaga ƙyalle. Idan aka ja zoben baya kafin igiyar ɗagawa ta yi tauri, nauyin yana komawa kan maɗauran da ke riƙe filafili a jigo, su fizge. Idan zoben baya bai matsu ba, ƙyalle yana yin tumbi, ya kama iska fiye da da, jirgi ya ci gaba da kwanciya duk da an rage. Guntayen igiyoyin tsakiya kuwa na tattara ragowar ƙyalle ne kawai, ba a yi su don ɗaukar nauyi ba. A ɗaure su sako-sako da ƙulli mai saurin kwancewa, kuma su ne farkon abin da ake kwancewa idan za a buɗe. Wanda ya manta da su ya saki igiyar baya, ƙyallen zai tsage daga wurinsu.

Filafilin goshi mai naɗewa ana rage shi da jan igiya daga wurin zama, amma idan an naɗe fiye da kashi ɗaya cikin uku siffarsa tana lalacewa, kuma dole a matsar da mazamin igiyarsa, wato ƙarfen da igiyar sarrafa shi ke bi ta ciki, gaba. A rage gaba da baya tare, domin babban filafili cikakke da ɗan ƙaramin na goshi yana ƙara wa jirgi son juyawa cikin iska.

Sambuk da huri

Jiragen gargajiya irin su sambuk da huri masu filafili mai kusurwa uku a kan doguwar sanda galibi ba su da layin ragi. Idan iska ta yi yawa, ana sauke sandar ne, a kwance babban ƙyalle, a ɗaura ƙarami. Aikin yana cin hannu da lokaci, sandar kuma tana da nauyi, shi ya sa nahuda, wato shugaban jirgi, mai hankali ke zaɓar ƙyallen da zai yi yini da shi tun kafin ya bar marsa.