Waiwaye: Yadda aka yi wa gawar Tutankhamun gunduwa-gunduwa

A watan Nuwamba na 1925, shekara uku bayan Howard Carter, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya gano kabarin Tutankhamun, sarkin tsohuwar Masar, a Kwarin Sarakuna kusa da Luxor, aka zo kan gawar saurayin sarkin. Ƙaron da masu binne shi suka kwarara masa sama da shekara 3,000 da suka wuce ya daskare, ya manne shi da akwatin zinare. Aka shanya akwatin a rana ko zai narke, ya ƙi. Sai Carter da likita Douglas Derry suka koma ga wuƙa. Aka raba gangar jikin biyu, aka cire hannuwa don a zare mundaye, aka datse kan. Sannan aka gasa wuƙaƙe aka ɓamɓaro shi daga cikin fuskar zinaren nan da duniya ke tururuwar kallo. Gaɓoɓin aka jera su kan yashi, aka ɗauki hoto kamar ba abin da ya faru. Sai a 1968, da masana daga Liverpool suka ɗauki hoton ƙasusuwansa, ɓarnar ta fito fili.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, su a wurinsu aiki kawai suka yi, domin haka suka taras. Ɗaruruwan shekaru Turawa na daka busassun gawawwakin Masar suna sha da sunan magani, masu zane kuma na haɗa fenti da garin. A shekarun 1830 likita Thomas Pettigrew tikiti yake sayarwa a Landan, a zo kallon yana warware likkafani. A 1908 Margaret Murray ta warware wata gawar a Manchester gaban mutum kusan 500.

Talakawan Masar ba haka suka ɗauki abin ba. A 1881, da aka loda gawawwakin sarakuna daga Deir el-Bahari a jirgin ruwa zuwa Alƙahira, mata sun fito bakin Nilu suna kuka irin na makoki. Shekaru da yawa bayan haka Shugaba Anwar Sadat ya sa aka rufe ɗakin da ake nuna gawawwakin sarakuna a gidan tarihin Alƙahira, ko da yake an sake buɗewa. A Afrilun 2021 aka mayar da 22 daga cikinsu sabon gidan tarihi a unguwar Fustat da ke Alƙahira, da rakiyar girmamawa.

Dokar Birtaniya ta 2004 ta ba manyan gidajen tarihinta damar mayar da gawawwaki inda aka ɗauko su, amma waɗanda ba su kai shekara 1,000 ba, ka ga na Masar ba sa ciki. Shi kuwa Tutankhamun, tun 2007 yana kwance a kabarinsa cikin akwatin gilashi, an lulluɓe shi da farin yadi, fuska da ƙafafu a waje, baƙi na sayen tikiti su leƙa.