Gadon hawan jini a tsakanin mutanen Koriya

Hawan jini yana bin gida, amma ba ƙwayar gado guda ce ke ɗauke da shi ba. Ƙananan sauye-sauye ne masu yawa a cikin DNA, kowanne yana ɗaga awon jini da abin da bai wuce kusan maki 1 ba. A Koriya ta Kudu, inda likitoci ke kiran jini ya hau idan awo ya kai 140/90, yawancin abin da aka sani ya fito ne daga KoGES, wani babban binciken ƙwayoyin gado da cututtuka na ƙasar, wanda aka soma a 2001 da 'yan shekara 40 zuwa 69 a birnin Ansan da karkarar Ansung.

Daga jinin waɗannan mutane aka kafa aikin KARE, na neman sauye-sauyen gado masu alaƙa da lafiyar jiki. Bayan tacewa, samfurin mutum 8,842 ya rage, kuma sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna wani sauyi mai lamba rs17249754, kusa da ƙwayar ATP2B1 a kuromosom na 12, yana tafiya tare da awon sama, wato lambar farko a awo irin 140/90. Aikin ATP2B1 shi ne haɗa famfon da ke fitar da kalsiyam daga cikin tantanin jiki. Idan famfon ya yi sanyi, kalsiyam ya taru a tsokar bangon jijiya, sai jijiyar ta tsuke, jini ya hau. Ɓeraye da aka cire wa wannan ƙwaya a tsokar jijiya, jininsu ya hau. Daga baya an ga alaƙar awon jini da wasu ƙwayoyin gado biyu, CSK da CYP17A1.

Batun ƙwayar ALDH2 daban yake. Mai sauyin rs671 a wannan ƙwaya, wanda ya yawaita a Gabashin Asiya, jikinsa ba ya iya narkar da gubar da barasa ke bari. Ƙaramin kofi ɗaya na soju, barasar Koriya, ya isa fuska ta yi jajir, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Irin waɗannan mutane ba su cika sha ba, shi ya sa jininsu yake ƙasa da na sauran, musamman maza. Ke nan ƙwayar ta bi ta ɗabi'a ne kafin ta taɓa jini.

Inda bincike ke yawan kuskurewa shi ne wajen masu shan maganin hawan jini: awonsu ya sauka, sai su shige cikin masu lafiya. Don haka ake ware su, ko a ƙara wa awonsu maki 10 zuwa 15. Sannan sauyin da aka gano sau da yawa alama ce kawai ta wani sauyi da ke maƙwabtaka da shi a DNA, ba shi ne mai laifin ba.

Gishiri ma yana rikita lissafi. Kimchi (ganyen da ake tsimawa da gishiri) da romo da miyar waken soya sun sa wajen 2010 ɗan Koriya yana cin fiye da ninki biyu na miligiram 2,000 na sodiyam da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a rana.